Allo Na Aiki, Firinta Ta Ƙi: Abin Da Ke Tsakanin Ofishin Dutsi Da Uwar Garken Abuja

Ka bar Shargalle da sassafe, ka biya kuɗin mashin har Dutsi ko ma Daura, ka bi layi, an zo kanka. Ma'aikacin ya kira lambarka, ga sunanka ga hotonka a allo. Sai ya danna a buga maka takarda, firinta ta yi gum. Ya sake dannawa. Can ya ɗago kai ya ce, "Malam, sai haƙuri, netwok ne." Kai kuma a ranka kana cewa wane irin netwok, ba ga hotona nan ina gani ba? Tambayar taka tana kan hanya, kuma tana da amsa.

Kwamfutar da ke gabansa fa taga ce kawai. Bayananka suna can a wata babbar kwamfuta da ake kira saba, ko uwar garke, galibi a Legas ko Abuja. Dole ce ta sa haka. Lambar BVN da aka fara a 2014 da lambar NIN ta hukumar NIMC, kowacce mai alƙaluma 11, amfaninsu shi ne rumbu ɗaya ya san kowa. Da kowane reshe na riƙe da nasa littafin, sai mutum ya yi rajista a Mashi da wani suna, ya sake yi a Mai'aduwa da wani. Sai dai duk abin da ma'aikacin zai yi, sai ya je can ya dawo.

Wannan hanya tana da abubuwa biyu da muke cuɗa su a baki ɗaya mu ce "netwok": faɗinta da nisanta. Faɗi shi ne yawan bayanan da za su wuce cikin daƙiƙa ɗaya. Nisa kuwa shi ne tsawon lokacin da saƙo ɗaya ke ɗauka ya je ya dawo. Haske a cikin wayar fayiba yana cin kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, don haka in ka ɗauki kilomita 1,000 zuwa, 1,000 dawowa, kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ne, kafin a ƙara tsaye-tsayen hanya. Amma reshen da ke kan tsohon faranti mai kallon tauraron ɗan'adam, shi tauraron yana can kilomita 35,786 a sama. Saƙo ya hau, ya sauko, amsa ta hau, ta sauko: fiye da rabin daƙiƙa. Manhajar da ke yi wa saba tambaya 50 a jere, ba ta yin ta gaba sai an amsa ta baya, ta cinye rabin minti kenan. Ko ka ninka kuɗin data sau goma ba abin da zai canja, don ba ƙuncin hanya ba ne ciwon. Shi ya sa Starlink, da ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, ya ja hankali: taurarinsa kusan kilomita 550 kawai suke a sama.

To yanzu ga maganar firinta, wadda ni a ganina ita ce aka fi rainawa a wajen tsara ofis.

A irin tsarin da manhaja ke gudana can a saba, kamar na Citrix ko na Windows, abin da ke zuwa reshe hoton allo ne, kuma ba duka ba, sai wurin da ya canja. Ka rubuta harafi ɗaya, ɗan gurbin harafin kawai ake aikowa. Abu ne mara nauyi, ko siririyar hanya za ta ɗauka. Takarda kuwa daban take. Firinta ɗigo-ɗigo take sani. Mu yi lissafi tare: takardar A4 tana da faɗin inci 8.27 da tsawon inci 11.69. In za a sa ɗigo 600 a kowane inci, shafi ɗaya ya kai ɗigo miliyan 35 ba kaɗan. Baƙi da fari, megabayit 4 da ɗoriya kenan. In mai launi ne, kowane ɗigo na cin ninki 24, sai ka haura megabayit 100. A layin da ke ɗaukar megabit 2 a daƙiƙa, na farkon zai ci daƙiƙa 17, na biyun wajen minti 7. Shafi ɗaya fa. Gaskiya ana matse bayanan kafin a aiko, ba ya kai haka a kullum, amma ka ga bambancin nauyin. Kuma yayin da wannan tirela ke wucewa, allon sauran ma'aikatan ofishin duk sai ya daskare, don hanyar ɗaya ce. Ma'aikacin da ya gaji ya danna sau huɗu kuwa, tireloli huɗu ya jera.

Akwai wanda ya fi wannan ban haushi. Na taɓa bin sawun wani aikin bugawa a wani ofishi da ba zan kama sunansa ba. Takardar tana kan kwamfutar da ke reshe, firintar na gefenta, taku biyu. Amma an saita komai ya bi ta injin bugawa na hedikwata, sai takardar ta tafi can, a mayar da ita ɗigo-ɗigo, ta kumbura, sannan ta dawo. Kamar mai kai wa maƙwabcinsa goro a Dutsi ya bi ta Kano.

Gyaran ba sihiri ba ne. A aiko takardar a dunƙule, kamar PDF, wanda ke cewa "sa wannan harafi a nan, wannan hoto a can", sai kwamfutar reshe ta mayar da shi ɗigo da kanta. Microsoft ta sa irin wannan dabara, Easy Print, a Windows Server 2008, Citrix ma tana da tata. Wannan yana kuma rage rigimar direbobi. Direba a nan ƙaramar manhaja ce mai fassara wa firinta yarenta, kowane samfuri da tasa. Reshe 100, kowa ya sayo firintar da ya samu a kasuwa, sai saba ɗaya ta ɗauki direbobi barkatai, guda ɗaya mara kyau ta tsayar da bugawar kowa. Sannan a raba hanya: na'urar da ke bakin layin reshe ana iya gaya mata motsin allo shi ne gaba, bugawa ta biyo baya da wani kaso da ba za ta wuce ba. Takarda ta yi jinkirin daƙiƙa 10 ba wanda zai kula, amma allo ya yi jinkirin daƙiƙa ɗaya kowa zai ji a jikinsa.

A kuma tabbata kowace kwamfuta ta san firintarta. Takarda mai sunanka da hotonka da lambarka ta fito a wani reshe da ke Zango, ba ƙaramin abu ba ne, musamman da Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023.

Batun layi na biyu, kowa ya san ya kamata, amma a duba da kyau. Sim biyu na kamfanoni biyu sukan zama a kan turken sabis ɗaya, janareto ɗaya. A Satumbar 2021 da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda tsaro, yawan sim bai amfani kowa a can ba. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma, wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, wato MainOne da WACS da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da yawa a Nijeriya suka shiga matsala, har mutumin da bai taɓa ganin teku ba ya kasa tura kuɗi. Layin ajiya na gaske shi ne wanda ya bi wata hanya dabam: ɗaya ta ƙasa, ɗaya ta sama.

Wani lokacin kuma netwok ɗin ba shi da laifi ko kaɗan. Firinta mai leza tana narka garin tawada ne da zafi, kuma lokacin da take ɗumama kanta tana jan ɗaruruwan wat a take. In wutar KEDCO ta ɗauke aka koma kan ƙaramar inbata, wannan fizgar kaɗai ta isa ta kashe na'urar intanet ɗin da ke jone a soket ɗaya da ita. Kafin ta farfaɗo ta sake kama layi, an yi minti biyu ko uku, aikin ya ɓace. Ƙurar hunturu kuma na shiga robobin da ke jan takarda har su riƙa zamewa.

Saboda haka in ka sake tsintar kanka a gaban kanta, allo na motsi firinta shiru, ga tambayar da za ka yi cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, ko za a iya sauke ta a matsayin PDF, a buga daga nan?" In manhajar ta yarda da haka, sau da yawa ba sai ka sake biyan kuɗin mashin gobe ba.