Daga Tudun Wada zuwa Argungu a Yini Ɗaya

Wasunmu za su gama ND da HND a Sakkwato ba su san komai ba sai hostel, aji da kasuwa. Alhali tarihin da ake sa mu haddacewa don jarrabawa yana nan kusa, kuɗin mota kawai yake buƙata.

Mu ce kun tashi daga Tudun Wada da sassafe. Ku hau kabu-kabu zuwa Hubbare, inda aka binne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1817. 'Yarsa Nana Asma'u ma a nan take kwance. Ku shiga da shiga ta mutunci, wurin ziyara ne, ba wurin ɗaukar hoto da shewa ba.

Daga nan sai hanyar Bodinga. Sifawa ƙaramin gari ne, har direba zai iya wuce shi ba ku lura ba, amma a nan Shehu ya zauna yana karantarwa bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ku tsaya ku tambayi dattawa, ai sun fi handout bayani.

Argungu ita ce ƙarshen tafiya, kusan kilomita 100 daga Sakkwato. Abin da ya sa ta fi daɗin gani shi ne labarin ya juya: nan ƙasar Kabawa ce, waɗanda suka shafe shekaru suna gwabzawa da Daular Usmaniyya. Gidan tarihi na Kanta, wanda tsohuwar fadar sarki ce, cike yake da masu, kwari da baka da tambura na wancan zamani. Ku gangara Matan Fada ku ga ruwan da ake bikin kamun kifi. Bikin ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar sulhu, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016.

To, Wurno fa, inda kabarin Muhammadu Bello yake, da kufan Alkalawa? Gaskiya gabashin jihar yana fama da 'yan bindiga, kada ɗoki ya kai ku. Ko hanyar Argungun ma ku tambayi direbobi a tasha halin da ake ciki, ku sanar da gida, ku haɗa kuɗi ku ɗauki shatar mota ɗaya, kuma ku juyo kafin La'asar ta yi sanyi.