Rabon Musakanmu a Gidajen Tarihi

Duk wanda ya karanta littafin Abner Cohen na 1969 a kan unguwar Sabo ta Ibadan, ya kuma bi shi da na Bawa Yamba na 1995 a kan Takari mazauna Sudan, lalle zai shaida cewa Hausawan da suka yi ƙaura ba su yar da musakansu a bakin hanya ba. Cohen ya tarar da makafi da guragu da kutare, kowane jinsi da sarkinsa a ƙarƙashin Sarkin Hausawa, har baƙon makaho da ya sauka daga Arewa yana da ƙofar da zai yi sallama a ba shi masauki. Yamba kuwa, da ya zauna cikin mutanen da kakanninsu suka ɗaura niyyar Hajji, zuriya bayan zuriya suna ƙidaya kansu matafiya, ya lissafa mabaratan Wad Madani tare da malamai da masu masauki cikin rukunan zaman birni. Wannan nizami abin alfahari ne, domin ya tsare mutuncin bayin Allah a ƙasashen da ba su da dangi.

Sai dai kuma, idan aka yi insafi, dukkan abin da malaman nan biyu suka bayyana a kan sadaka aka gina shi: ya ciyar, ya tufatar, ya ba da makwanci, amma bai buɗe wa makaho ƙofar sanin tarihin kakanninsa ba, alhali kuwa Suratu Abasa ta sauka ne a kan makahon da ya zo neman ilmi, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, Allah Ya ƙara masa yarda.

'Yan'uwanmu da ke Turai suna ganin wata hanya dabam. A Landan, gidan tarihin Birtaniya ya keɓe wasu sassaƙe-sassaƙen Misira domin makafi su shafa da hannu, tare da bayani da rubutun makafi. A Hambug ta Jamus, inda 'yan Gana suke da yawa, cikinsu har da 'ya'yan zango masu jin Hausa, akwai baje kolin da Andreas Heinecke ya ƙirƙiro a 1988, wanda ake shigar da ayarin masu gani cikin duhu ƙirin, kowa da sanda, makaho ne ɗan jagora. Mutumin da ya tashi yana ganin yaro na jan makaho zuwa kasuwa, ran da ya kama kafaɗar makaho don kada ya faɗi, ba zai sake kallonsa da ido na dā ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, tarihin ƙasar Gaya da hannu aka fi fahimtarsa. Riwayar Abagayawa ta ce maƙeran Gaya ne suka bi tama har Dutsen Dala suka zauna, kuma Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya ambaci Sarkin Gaya Agalfati tun zamanin Yakubu ɗan Abdullahi Burja. Uwar maƙera da masaba da awartaki da zugazugi ba kayan da taɓawa za ta lalata ba ne, kuma maƙeranmu na yanzu suna iya ƙera irinsu a ajiye domin shafawa. Kurame ma suna da harshensu, maganar hannu, wadda Constanze Schmaling ta rubuta nahawunta daga Kano a 2000. Tafinta kawai suke buƙata. Guragu kuwa, dokar ƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara mashigarsu saboda naƙasassu, wa'adin kuwa ya cika.

Saboda haka, ya ku 'ya'yan Gaya da Ajingi mazauna Makka da Kumasi da Landan, waɗanda ba ku gaza aiko da kuɗin masallaci da na rijiya ba, ku ware wani abu na hayar mota da ladan tafinta, a ɗauki makafi da kurame da guragun garuruwanku ta hanyar Wudil zuwa Gidan Makama, gidan tarihin Kano, bayan an nemi izinin hukumar gidan ta tanadi abin da za su taɓa. Ku fara da shawartar sarakunan makafi, su suka san mutanensu.