Abin da ya kamata ku sani game da musayar ɗalibai tsakanin jami'o'i

Idan aka ce ɗan wane ya tafi karatu waje, abin da mutanen Danja suka fi sani shi ne tafiyar shekara huɗu ko shida zuwa Sudan, Masar ko Indiya, a dawo da digirin can. Akwai wata tafiyar da ba a cika jin labarinta ba, wato musayar ɗalibai. A nan ɗalibi yana nan da rajistarsa a jami'arsa ta gida, ko Ahmadu Bello ta Zariya ce, ko Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, ko ta tarayya da ke Dutsin-Ma. Zango ɗaya ko biyu kawai zai je ya yi a wata jami'a ta ƙetare, ya dawo ya ƙarasa a gida, digirin da zai karɓa kuma na gida ne.

Abin ba baƙo ba ne a Najeriya. A da, masu karanta Faransanci kan yi shekara guda a ƙasar da ake jin harshen. Da kuɗin hakan ya gagara, sai gwamnati ta kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry a 1991, masu Larabci kuma aka yi musu nasu a Ngala ta jihar Borno.

Babbar hanyar musaya a yau ita ce shirin Erasmus na Tarayyar Turai, wanda aka fara a 1987, aka kuma buɗe shi ga jami'o'in wajen Turai a 2015. Ɗalibi kan yi wata 2 zuwa 12. Ba ya biyan kuɗin makaranta a jami'ar da ta karɓe shi, ana kuma ba shi tallafin tafiya da na zama. To amma ga inda mutane ke ruɗewa: ba mutum ne ke neman wannan gurbi da kansa daga Turai ba. Sai jami'arsa tana da yarjejeniya da waccan jami'ar, kuma ita ce za ta zaɓi waɗanda za ta tura. Don haka ƙofar tana cikin makarantarku, a ofishin shugaban sashe da ofishin da ke kula da hulɗa da jami'o'in waje. Duk dillalin da ya ce a kawo kuɗin buhunan masara zai samo wa yaro gurbin musaya, a tambaye shi sunan jami'o'in biyu, a je a ji daga bakinsu. Ba mu manta da abin da ya faru a Janairun 2024 ba, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano ta Benin cikin mako shida.

Abin da ya fi komai muhimmanci a wurina shi ne wata takarda da ake sa wa hannu kafin a tashi. A cikinta ake rubuta kwasa-kwasan da ɗalibi zai ɗauka a can, da waɗanda za su maye gurbinsu a nan. Ɓangarori uku ke sa hannu: ɗalibin, jami'arsa, da jami'ar da za shi. Turawa suna ƙirga zango ɗaya a maki 30, shekara a 60, mu kuma lissafin yunit ɗinmu daban ne, sai an zauna an daidaita. Wanda ya yi sakaci da wannan yana iya cin jarrabawa da kyau a can, ya dawo a ce masa kwas kaza na aji uku yana nan yana jiransa, abokansa su tafi bautar ƙasa shi yana maimaita shekara. A zauna da shugaban sashe, a bi kwas ɗaya bayan ɗaya, a riƙe kwafin takardar a gida.

Sai batun lokaci. Jami'o'in Turai galibi suna buɗewa a Satumba ko Oktoba, zango na biyu kuma wajen Fabrairu. Kalandarmu kuwa yajin aiki ya sha birkita ta. Na ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, a 2022 kaɗai ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗalibi na iya tarar da cewa ranar tashinsa ta faɗa tsakiyar jarrabawarsa.

Ga iyaye manoma akwai wani lissafin. Mai tafiyar Satumba a tsakiyar damina zai nemi fasfo da biza da inshorar lafiya, daidai lokacin da kuɗin gida ya shige taki da ƙwadagon noma, rumbu kuma ya yi ƙasa. Tallafin ma ba lallai ya iso kafin a tashi ba, kuma tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 kowane Yuro ya ƙara nauyi. Gidan da ke da wannan niyya gara ya ware kuɗin tun daga cinikin tumatirin rani ko na rake, a yi fasfon da wuri.

Shin wata huɗu ko biyar sun cancanci wannan wahala? Ina ganin sun cancanta, musamman ga ɗanmu mai karanta aikin gona a Samaru ta Zariya. Tsutsar da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a Arewa a 2016, daga Kudancin Amurka ta fito, ta shiga Sifaniya a 2006. Manoman can sun riga mu fama da ita da shekaru. Yaron da ya girma yana loda kwandunan tumatir a kasuwar Danja, ya ga yadda ake zubar da ruɓaɓɓe idan mota ta yi jinkiri, zai shiga gonakin rumfa na Almeriya ta Sifaniya da tambayoyin da ɗan birni ba zai yi ba: yaya suke kama asun tsutsar da tarko, yaya suke shayar da shuka da ɗigon ruwa, wane iri ne ke jure doguwar tafiya.

Masu zaɓe suna duba sakamakon aji ɗaya da na biyu, da iya Turanci, da wasiƙar da ɗalibi zai rubuta ya bayyana dalilinsa. Mata ma suna nema daidai da maza, kuma iyaye na da damar tambayar inda 'yarsu za ta zauna, da masallaci da abincin halal a garin, kafin a sa hannu a komai.