Panyu: Gumin da ke Cikin Riga Mai Araha

A gundumar Panyu da ke kudancin birnin Guangzhou akwai garin Nancun, wanda ake yi wa laƙabi da "ƙauyen Shein". Ƙananan masana'antun ɗinki ne cunkushe a lunguna, wasu a saman bene, kekuna na ƙara tun safe har tsakar dare. Kamfanin Shein, wanda Xu Yangtian ya kafa, ya mayar da hedikwatarsa Singafo, amma yawancin tufafin da yake sayarwa a Amurka da Turai a wannan yanki ake ɗinka su.

Shein bai mallaki waɗannan wuraren ɗinki ba, aiki yake ba su. Yakan sa a ɗinka riga 100 zuwa 200 na sabon salo, ya saka a manhajarsa. In ta samu karɓuwa sai ya nemi ƙari cikin 'yan kwanaki, in ba ta samu ba ya wuce. Ta haka ya kuɓuta daga asarar kayan da suka yi kwantai, nauyin ya koma kan mai shago. Shi kuma ba ya iya cewa a'a, don kada gobe a kai aikin ga maƙwabcinsa. Sai ya karɓi abin da ya fi ƙarfinsa, ya yanka wani kaso ya miƙa wa wani ƙaramin shagon da sunansa ba ya cikin kowane kundi. Can ƙasa kuwa tela ne, galibi ɗan ci-rani daga ƙauyukan larduna irin su Jiangxi da Hunan, wanda ake biyansa gwargwadon abin da ya ɗinka. Duk wanda ya san halin da telolinmu ke shiga a jajibirin sallah zai gane yanayin, sai dai namu na mako guda ne, nasu na shekara ce cur.

A Nuwamban 2021 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta ba da rahoton cewa ma'aikata a nan suna yin kimanin awa 75 a mako, da hutun kwana ɗaya a wata, da yawansu babu takardar ɗaukar aiki. Dokar Sin ta hana ƙarin lokacin aiki ya wuce awa 36 a wata. Ƙungiyar ta sake bincike, ta fitar da sakamako a Mayun 2024, awannin na nan yadda suke. A cewarta, ma'aikaci kan tashi da yuwan 6,000 zuwa 10,000 a wata, amma in an cire kuɗin ƙarin lokaci, abin da ya rage bai wuce kusan 2,400 ba. Wannan ne ya sa ban yarda da masu cewa ai su suka zaɓa ba. Gaskiya ne babu wanda ya kulle musu ƙofa, kuma wasunsu kan guji shagon da ba ya kai dare. To amma mutumin da albashin awa takwas ba zai ciyar da 'ya'yan da ya baro a ƙauye ba, wane zaɓi ya rage masa? Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma ta sanya ƙarin lokacin da ya wuce kima cikin alamomi 11 na aikin tilas, tare da riƙe albashi da ƙwace takardun shaida.

Akwai matsala ta biyu, wadda ta faro tun daga gona. Yankin Xinjiang ne ke noma kusan kashi 90 cikin 100 na audugar Sin, kuma can ne ake zargin gwamnati da tilasta wa Musulmi 'yan ƙabilar Uyghur aiki, zargin da Beijin ke musantawa. A 2022 kafar Bloomberg ta ce gwajin da ta sa aka yi ya nuna audugar yankin a tufafin Shein. A Janairun 2025 lauyar kamfanin ta ƙi amsa tambayar wani kwamitin majalisar Birtaniya kan asalin audugarsu.

Dokokin ƙasashen yamma sun fi karkata ga wannan ta biyun. Tun Yunin 2022 Amurka ke ɗaukar duk kayan da ke da alaƙa da Xinjiang a matsayin na aikin tilas, sai mai shigowa da su ya kawo hujjar akasin haka. A Mayun 2025 ta daina yafe haraji ga ƙananan ƙunshin kayan Sin da ba su haura dala 800 ba, kafar da Shein ya daɗe yana bi. Haramcin Tarayyar Turai kan shigo da kayan aikin tilas zai fara aiki a Disamban 2027. Duk wannan ci gaba ne, amma bai rage wa telan Nancun ko awa ɗaya ba. Tsorona ma shi ne a fanshe harajin daga kuɗin ɗinkinsa.

Shein yana cewa yana tura masu binciken masana'antu, ya yi alkawarin kashe dala miliyan 70 cikin shekara biyar don gyara su, kuma da kansa ya bayyana cewa ya gano yara suna aiki sau biyu a 2023. Sai dai mai bincike shagon da ke rajista yake ziyarta. Muddin farashi da wa'adin kawo kaya ba su canza daga sama ba, mai shago zai ci gaba da ɓoye awanni. Ga shi kuma a Sin ƙungiyar ƙwadago ɗaya ce doka ta sani, tana ƙarƙashin jam'iyya mai mulki, don haka tela ba shi da inda zai kai kuka mai zaman kansa.

Wannan batu ya shafe mu, ba don 'yan kasuwar Kantin Kwari suna sayayya a Guangzhou kaɗai ba. A nan gida ma an ga irin wannan cin zarafin ma'aikata: a Yunin 2020 'yan sanda sun kuɓutar da ma'aikata fiye da 100 daga wani kamfanin sarrafa shinkafa a Kano, inda aka kulle su kusan wata uku lokacin kullen korona. Asirin ya tonu ne bayan ɗaya daga cikinsu ya samu ya kira wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam a waya.