Sana'ar Zane a Sakkwato: Daga Aji Zuwa Kasuwa

Matashin Sakkwato da ya karanci zane da zayyana, ko a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda fannin ya yi suna tun zamanin wata ƙungiyar masu zane da aka kafa a Zariya a 1958, hanya biyu ke gabansa idan ya gama: koyarwa ko zaman kansa. Guraben koyar da zane a sakandare ba su da yawa, don haka kasuwa ce ke karɓar mafi yawansu.

Abin da kasuwar ke nema kuwa ya bambanta da abin da aka ci jarrabawa da shi. A aji fensir da buroshi ne, a shago kwamfuta ce, musamman manhajar CorelDraw da masu maɗaba'a suka saba da ita. Shi ya sa da dama ke fara zama a ƙarƙashin wani mai maɗaba'a kafin su buɗe nasu wurin. A can ake gane cewa launin da ya yi kyau a fuskar kwamfuta kan dushe a takarda, kuma yawancin salon haruffa ba su da ɓ, ɗ da ƙ, sai a bugo sunan amarya da ramuka a ciki.

Aikin yana da lokutansa. Katin gayyata da kalandar biki kan yawaita gab da azumi da bayan Sallah, sai katin walimar saukar Alƙur'ani, sai allunan shaguna da tambarin masu ruwan leda da turare. Kakar zaɓe, irin ta 2023, takan kawo aikin fosta ba dare ba rana, amma a nan ne aka fi cin bashi, domin wanda ya faɗi zaɓe ba kasafai yake ɗaukar waya ba.

Yanke farashi ne ya fi kayar da sababbin shiga. Mai kawo aiki yana ganin takarda da tawada, ba ya ganin awowin da aka ɓata kan tsarawa. A wurinsa danna kwamfuta ne kawai. Waɗanda suka daɗe sukan raba kuɗin zane da na bugawa, su karɓi kafin alƙalami, su kuma faɗi tun farko sau nawa za a yi gyara. Cikin lissafin har da wuta, domin man janareta ya yi tsada tun cire tallafi a watan Mayun 2023, ga zafin bazara da kan haura digiri 40.

Inda mai ilimin zane ya fi wanda ya koyi manhaja kawai shi ne abin da garin ya gada. Da yawa a Sakkwato ba sa son zanen abu mai rai, don haka rubutun Larabci mai ƙawa da zayyana irin ta bangon gida da wuyan riga sun fi shiga. Aya ko hadisi kuwa sai malami ya duba kafin a buga. Akwai kuma fata. Jar akuyar Sakkwato ce ke ba da kirgin da aka riƙa ƙetarawa da shi Sahara har Turawa suka san shi da sunan fatar Maroko, kuma dukawan garin na nan suna ɗinka jaka, alabe da tumtum. Mai zanen da ya fitar da sabon fasalin jaka, ya ba baduku ya ɗinka, ya ɗauki hoto mai kyau ya sa a Instagram ko WhatsApp, yana iya samun masu saye daga Abuja da Legas.

Babban aiki na ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji yana buƙatar rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC da asusun banki da sunan shagon. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare zane, amma a aikace rubutacciyar yarjejeniya ce ke fayyace ko mai tambari ya sayi zanen ɗungurungum ko izinin amfani kawai aka ba shi.