Tankin Ruwa na Ƙarƙashin Ƙasa: Daga Ina Tsagewa Take Farawa?

Gundumomin Magarya da Dungas suna cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a jihar Damagaram, sai dai kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Idan damina ta ba da milimita 500, rufin kwano mai murabba'in mita 50 yana zubo da kusan lita 25,000. Yawancinsa a tsakar gida yake ƙarewa, ya ci gindin katanga ya wuce. Wata huɗu bayan haka, matan gidan suna layi a bakin famfo.

Adana wannan ruwa ba sabuwar dabara ba ce. A arewa maso gabashin Burazil an gina dubban ɗaruruwan tankuna masu cin lita 16,000, kowanne rabinsa binne a ƙasa, kuma daga can ne hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ɗauko shirinta na tankuna miliyan ɗaya don Sahel, wanda aka fara gwadawa a Senegal da Nijar. Tankunan dukkansu zagayayyu ne. Nauyin ruwa da na ƙasa yana rarrabuwa daidai a jikin da'ira, amma a tanki mai kusurwa huɗu, a lungunan yake taruwa, nan ne kuma yoyo ke fara ɓullowa.

Kafin a ɗauki diga, a duba wuri. A kwarin Korama ruwa yana kusa, wani wurin taku kaɗan ake haƙawa a tarar da shi. Tankin da babu komai cikinsa, idan ruwan ƙasa ya taso da damina, sai ya cicciɓe shi ya fasa gindin; a irin wannan wuri gara a binne rabi kawai. A kan jigawa kuwa rairayi ne ke zamewa, don haka sai an daddaɓe ƙasan ramin, an shimfiɗa tsakuwa, sannan a zuba kankare mai rodi. Rodin daɓen ya lanƙwaso ya shiga bango, domin mahaɗar nan ta fi ko'ina rauni. A nisanci saiwar dogon yaro da gawo, a nisanci masai da aƙalla mita 15.

Sai yashi. Lallausan rairayin da iska ke tarawa a bayan gida ba na wannan aiki ba ne. A nemo mai tsakitsaki, marar laka, marar kanwa. Shafen ciki kwano 1 na siminti ne da 3 na yashi, hawa biyu ko uku, ba tare da an tsinka ruwa a kwaɓin ba. Lebura yana son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi daɗin cokali, amma duk ruwan da ya yi yawa ƙananan ƙofofi yake bari idan ya ƙafe.

Babbar ɓarnar dai bayan magini ya tafi ake yin ta. Mutane da yawa sun ɗauka bushewa ce ke sa siminti ƙarfi, alhali da ruwa yake nuna, kuma sai ya kwana 28 kafin ƙarfinsa ya kai yadda ake so. Mu kuwa da rani muke gini, lokacin da iskar hunturu ko zafin bazara mai haura digiri 40 ke tsotse danshi cikin sa'o'i, kuma lokacin da jarkar ruwa ta fi tsada. Sai maigida ya ga asara ce a riƙa shayar da bango. Arha ba ta ado: siraran tsagogin da suka fito a makon farko, su ne za su buɗe ranar da tankin ya cika. A lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna, a riƙa yayyafi safe da yamma har mako biyu. Ƙasar da za a mayar gefe ma a bi ta kaɗan-kaɗan ana daɓewa.

Bayan nan sauran masu sauƙi ne: murfi mai kulle saboda yara da sauro, bututun fitar da ambaliya nesa da gindi, da barin ruwan farko ya wanke rufi ya zube waje. Ko a ƙarshen rani kada a kwashe ruwan tas, a bar kamar taƙi ɗaya don shafen ya zauna da danshi.

Duk wanda zai yi wannan aiki, ya sa kuɗin ruwan shayar da gini cikin lissafi tun ranar da yake cinikin siminti. Idan babu halin haka, ya dakata zuwa kaka, lokacin da tafkuna ba su ƙafe ba.