Garin da ake niƙa da tsakar rana

Da sassafe wani saurayi kan shiga filin da aka kewaye da waya a bayan gari, riƙe da bokiti da tsumma. Aikinsa goge faranten sola. Da hunturu ƙura kan kwanta a kansu kamar an barbaɗa gari, kuma faranti mai ƙura ba ya jan rana yadda ya kamata. Wutar ƙauyen duka a hannun tsumman nan take, ko da yake ba wanda ke yi masa sannu.

Turakun Nefa ba su taɓa zuwa nan ba. Abin da ake da shi tasha ce ƙarama mai ƙafa uku: farantai da rana, batura da dare, sai janareto mai shan man dizal da ke jiran ranar da biyun suka gaza. Na'urar inbata ce ke raba aikin. In batir ya yi ƙasa, injin kan tashi da kansa. A watan Agusta, lokacin marka, sai a kwana biyu ana jin ƙararsa, mai kula da tashar kuwa ransa a ɓace, don kowace lita daga ribar kamfanin da ke da tashar take fita.

Irin waɗannan tashoshi sun samu gindin zama bayan hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta fitar da ƙa'idojinsu na 2016, sannan Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 350 a 2018 don aikin da hukumar REA mai kai wuta karkara ta gudanar. Mutanen gari ba ruwansu da wannan. Su dai sun san mita: ka saya, ka sha, in kuɗinka ya ƙare ta ɗauke, ko gidan mai unguwa ne.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda wuta ta sauya lokutan aiki. An roƙi masu injin niƙa da mai walda su riƙa aiki tsakanin hantsi da la'asar, sa'ad da rana ke zuba, don kada su tatse batir. Da farko an yi gunaguni. Yanzu yara kan jera kwanonin gero da azahar, mai ƙanƙara ta haɗa zoɓonta a lokacin, ɗakin shan magani kuma yana da firjin ajiye allurar rigakafi. A ganina waɗannan su ke riƙe da tashar. Ƙwan fitila da cajin waya ba sa biyan albashin kowa.

Saura batura. Shekaru kaɗan suke yi su gaji, kuma canjinsu da tsada. Dattawan gari su zaunar da kamfani tun yanzu, a ji wa zai biya.